Littafin da na ƙulla gyaɗa da shi

'Yata ta fari tana da shekara goma sha biyar ta ga wani mutum a talabijin. Wai ya karanta fiziks, ya hau kumbo ya je sararin samaniya, ya dawo yana koyarwa a jami'a. Ta sayi littafi ta cika shi da labarinsa da lissafi, kullum bakinta, "Umma, hanyarsa zan bi."

Ni kuwa gyaɗa nake sayarwa a bakin titi a unguwar Jarwal da ke Makka, ko alif ban sani ba. Wata rana lokacin aikin Hajji, alhazai suka yi mini ca, takardar ƙulli ta ƙare. Na janyo littafin nan na yage shi shafi-shafi. Da ta gani, sai na riga ta baki: "Ke, rufe mini baki! Mai zuwa sama ne zai ciyar da ke?" Ba ta yi kuka ba. Ba ta kuma sake ambatonsa ba.

Sai da na haura hamsin na shiga ajin manya na koyi karatu. Bara na tarar da shafi guda na littafin nan manne a ƙasan tsohon farantina, duk maiƙo. Na kai mata shagon da take ɗinkin abaya a unguwar Kudai, na tsaya a kanta ina karantawa da ƙyar: "Na farko, in gama sakandare." Sakandaren kuwa ba ta gama ba.

Na ce, "'Yar nan, ki yafe mini."

Ta ce, "Halas, Umma, ya wuce." Amma ba ta ɗaga ƙafarta daga keken ɗinkin ba.