Durowa ta Uku Daga Hagu

Auta ce kaɗai ta lura cewa Baba Kafinta ba ya kallon fuskokin mutane a talabijin. Ko labarai ake karantawa, kowa na sauraron abin da ya faru a duniya, shi idonsa na kan teburin da mai karantawar ya ɗora hannu. Wani lokaci ya karkata kai, ya ja guntun tsaki, Inna ta ce, "Ai duniyar ce ta lalace, Malam." Auta kuwa ta san ba duniya ba ce. Gefen teburin ne ya ga bai haɗu daidai ba.

Shekara hamsin da ɗoriya ya yi yana aikin katako a shago guda, tsakanin mai aski da mai gyaran keke. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, kullum da guntun fensir a bayan kunne, har in zai kwanta sai Inna ta tuna masa. Ba shi da yawan magana, amma yana da doka guda wadda duk layin ya sani: ƙusa ba ta shiga durowarsa. Sai ya zauna da ƙaramin zarto ya yanka wa gefen katako haƙora, ya yanka wa ɗan'uwansa gurabensu, ya haɗa, katako ya ciji katako. Bayan durowar da babu mai gani ma sai ya goge shi ya yi sumul, sannan ya goga kyandir a gefe don ta riƙa tafiya ba ƙara. Masu gaggawa sun sha yin fushi su tafi wani shago. Bayan shekara biyu su dawo da durowa a hannu, gindinta ya zube, suna gaisuwa ƙasa-ƙasa.

Labari ɗaya ne kawai Baba ke bayarwa game da kansa. Yana matashi, bai daɗe da auren Inna ba, gidan talabijin ya nemi kafinta saboda wani sabon wasan barkwanci da za a fara, na wani ɗan ƙaramin gari da kowa ya san kowa. Kusan duk wasan a cikin kanti ɗaya ake yin sa: ga Mai Kanti mai cika baki, ga matarsa, ga mai kai wasiƙu da ba ya iya riƙe sirri, ga shugaban makaranta da ke zuwa ya yi gyangyaɗi a kan benci. Aka ce wa Baba ya haɗa kanta, wato dogon teburin da Mai Kanti zai riƙa tsayawa a bayansa, aka ba shi kwana uku. Ya yi kwana goma sha tara. Babu wanda ya gaya masa cewa kayan wasa fuska kawai ake yi musu, bayansu wayam. Shi kanta aka ce masa, kanta ya yi, da durowa shida, kowace na buɗewa. Sai da ƙarti huɗu suka kama kafin ta shiga ɗakin ɗaukar hoto.

Kashi shida kacal aka yi da ita. Daga nan aka kawo wani fallen katako marar nauyi da aka zana wa durowoyi da fenti, shi ne duniya ta sani, don wasan ya yi shekaru ana yi, har ya koma mai launi. Auta da yayyenta a kan maimaicin waɗannan suka tashi. Na farkon, masu baƙi da fari, ba a sake nuna su ba. Saboda haka duk sanda Baba ya ce, "Tawa ta gaske ce, har an buɗe ta uku daga hagu," sai a gyaɗa kai irin wanda ake yi wa tsoho don a zauna lafiya.

Shekara biyu da suka wuce ya miƙa shagon ga babban ɗansa, wanda ƙannen ke kira Yaya. Bai daina zuwa ba. Kullum da safe yana nan a kan kujerarsa ta bakin ƙofa, yana duba aiki da ido, yana haɗa durowoyi da hannunsa a hankali.

A mako guda abubuwa biyu suka haɗu. Gidan talabijin ya sanar cewa zai nuna kashi shida na farkon nan, Litinin zuwa Asabar, ƙarfe biyar na yamma. Yaya kuma ya karɓo aikin teburan malamai goma sha biyu na wata makaranta, kowane da durowa biyu, ana so cikin mako uku. Auta ta kai musu abincin rana, ta tarar da zancen ya yi zafi.

"Baba, ashirin da huɗu ne fa," in ji Yaya. "In muka bi ta hanyarka, sai malaman sun yi ritaya ba mu gama ba. Gam da ƙusa, kwana biyu an wuce wurin."

"Ba a shagon nan ba."

"Don Allah wa ke juya durowa ya duba bayanta? Ko kantar da kake faɗa, shekara nawa, wa ya taɓa ganin an buɗe?"

Mai Aski, abokin Baba tun suna samari, ya leƙo da almakashi a hannu. Baba ya zaro fensir daga bayan kunne, ya dube shi, ya mayar.

"To," ya ce. "Ga shi za a nuna. In an buɗe ta, durowar shagon nan ta ci gaba da haƙoranta. In ba a buɗe ba, ka yi yadda ka ga dama, ni kuma na daina taka shagon. Tsoho mai ƙarya ba shi da abin koya wa kowa."

"Haba Baba, ni ban ce ƙarya ba."

"Na ji abin da ka ce."

Auta ta san mahaifinta. Bai taɓa faɗin magana ya dawo ya ce wasa yake yi ba.

Ran Litinin falo ya cika tun biyar saura. Baba ya jawo 'yar kujera ya zauna daf da talabijin saboda idonsa ya yi rauni. Inna na kan doguwar kujera, Yaya ya tsaya jikin ƙofa kamar mai shirin gudu, Mai Aski ya rufe shago da wuri ya zo ba tare da an gayyace shi ba. Hoton ya fito yana ɗan rawa, sautin na shuu kamar ruwan sama a kan kwano.

"Kai! Ku ga Mai Kanti da suma!" in ji Inna. "Ashe an taɓa yin gashi a kan nan."

Kowa ya fashe da dariya. 'Yan wasan duk yara ne shakaf, sirara, suna ɗaga murya kamar ba su yarda na'urar na jin su ba. Sai kyamara ta ja baya, ga kanta ta cika rabin hoton, baƙa, mai sheƙi, zaune daram. Baba ya miƙe tsaye bai sani ba.

"Zauna mana, Kafinta, ka tare mana gari," in ji Mai Aski. "Ita ce wannan? Ni dai zane nake gani."

"Idonka ne zane. Shi ya sa kake yi wa mutane aski a karkace."

Ran nan an jingina da kantar, an buga mata hannu, mai kai wasiƙu har ya hau ya zauna yana kaɗa ƙafa, ko gezau ba ta yi ba. Amma ba a taɓa durowa ba. Talata ma haka. Ran Laraba matar Mai Kanti ta kai hannu kan mariƙin ta uku, falo ya ɗauke numfashi, sai kawai ta rataye tsumma ta wuce.

"Kash!" in ji Mai Aski. "Ashe maratayi ka yi musu, mutumina."

Auta ta ga yadda Baba ya dafe gwiwoyinsa da hannu biyu.

Alhamis ta wuce, Juma'a ta wuce. Wasan na da daɗi, har Yaya da ya zo da fuska a ɗaure sai da ya riƙe ciki ranar da shugaban makaranta ya farka daga gyangyaɗi ya hau yi wa buhunan kanti faɗa. Amma dariyar gidan ta fara gajarta. Da yammacin Juma'ar Auta ta ga Baba ya dawo daga shago da ƙaramin zartonsa naɗe cikin tsumma, ya tura shi ƙarƙashin gado.

Ta sami Inna a kicin tana wanke kofuna.

"Inna, da gaske an buɗe?"

Inna ta daɗe tana cuɗa kofi ɗaya. "Shi ma bai gani ba," ta ce. "Lokacin ba mu da talabijin, duk layinmu babu mai shi. Ranar da aka ɗauki na shidan yana waje yana gyara musu benci. Ya ji dariya kamar rufin zai tashi, sai ga mai shirya wasan ya fito yana gumi, yana cewa wa ya ce masa ya yi durowa ta gaske. A ranar suka sallame shi. Ya dawo gida bai ci abinci ba. Wani mai share ɗakin ne ya gaya masa ta uku ce daga hagu."

"To in sun yanke wurin fa?"

"Abin da ke hana ni sukuni ke nan tun Litinin. Kada ki gaya wa yayanki."

Ba ta gaya masa ba. Shi ne ma ya tare ta a bakin ƙofa da safiyar Asabar, yana sosa ƙeya. "Auta, ke yake jin maganarki. Ki ce masa ni ban kore shi ba. Shagon nan in babu shi a bakin ƙofa, ni kaina ban san yadda zan shiga ba." Ta ce ya faɗa masa da bakinsa. Ya ce ya gwada, Baba ya kau da zancen, ya tambaye shi ƙarfe nawa.

Ƙarfe biyar aka fara na shida. Rabin wasan ya tafi a kan wata wasiƙa da ta ɓata. Mai kai wasiƙu ya rantse a kanti ya bar ta, ya nuna kantar ya ce a duba durowa. Baba ya matsa gaba har hancinsa ya kusa taɓa gilashi.

Mai Kanti ya bushe da dariya, ya ce wannan durowar tun zamanin kakansa take a cije, ƙarti sun gwada sun gaji, bari ma ya nuna masa. Ya naɗe hannun riga. Ya tofa yawu a tafi. Ya kama mariƙin ta uku daga hagu da hannu biyu, ya tokare ƙafa ɗaya a jikin kanta. Kana gani ka san abin da aka shirya: zai yi ta ja yana nishi, durowa ta ƙi motsi, don a saninsa babu durowar da ke buɗewa a wasa.

Ya fizga da iyakar ƙarfinsa.

Durowa ta taho sulɓ, gaba ɗayanta. Mai Kanti ya tafi da baya, ya zube cikin buhuna, ƙafafu a sama. Durowar ta tashi ta daki ƙasa, ta yi juyi biyu, ta tsaya. Masu kallo a ɗakin ɗaukar suka kece da dariya, mai kai wasiƙu ya juya wa kyamara baya kafaɗunsa na rawa, shugaban makaranta da ya kamata yana barci ya faɗo daga benci.

A falo kuwa Inna ta dafe ƙirji tana salati tana dariya. Mai Aski na dukan cinyarsa. Yaya ya baro jikin ƙofa ya durƙusa kusa da Baba.

Mai Kanti ya miƙe yana kakkaɓe riga, ya ɗauko durowar. A nan ya manta wasa yake yi. Ya juya ta, ya duba bayanta, ya bi gefen da babban yatsa. Kyamara ta matso, haƙoran suka fito reras, babu wanda ya saki. Ya mayar da ita gurbinta, ya tura da yatsa ɗaya, ta shige shiru. Ya dubi wani wanda ba a gani a hoton, da muryarsa ta gaske ya ce, "Wannan kuma wa ya haɗa ta?"

"Ga shi nan zaune!" Mai Aski ya daka wa talabijin tsawa. "Ga shi nan, abokina ne!"

Baba bai yi dariya ba. Leɓensa ne ke motsi, Auta da ke kusa ta ji yana ƙirga. "Bakwai," ya ce. "Bakwai kowane gefe." Ya share ido da bayan hannu, ya ce hasken talabijin ɗin nan ya yi yawa, a rage.

Aka gama, aka kashe. Babu wanda ya tashi.

"Daga wannan tsayin ta faɗo," in ji Yaya a hankali, "ko motsi ba ta yi ba."

"Ta biyun ta fi ta kyau," in ji Baba. "Ba a dai buɗe ta ba ne."

"Baba, ka yi haƙuri. Jikin teburan zan sa wa ƙusa, wannan kam ba makawa. Durowoyin kuma yadda ka ce. Amma ashirin da huɗu ba za su yiwu da hannunka kaɗai ba, ni kuma rabona da yanka haƙora na manta. Sai ka tsaya a kaina."

"Za ka ɓata katako uku kafin hannunka ya dawo."

"Biyu."

"Uku. Na san hannunka tun yana riƙe cokali a juye."

Inna ta ce to a tashi haka nan, falonta ba shago ba ne. Mai Aski ya fita yana cewa gobe duk wanda ya zauna a kujerarsa sai ya ji labarin nan, ko yana so ko ba ya so, tunda reza na hannunsa.

Baba ya leƙa tsakar gida, ya ga hadari ya haɗo daga gabas. Ya sa takalmi ya fita ya kwashe wa Inna shanya, yana ninke kowace riga gefe da gefe kafin ya ɗora a kafaɗa.