Yadda Duye Ya Hau Allon Hanya

Na tsufa ina zuba kwalta a tsibirinmu, ban ga mai taurin kai irin Barba Yerko ba. Shi ke zana mana allon gargaɗi, mai kusurwa ukun nan da ɗan mutum yana haƙa.

Kowane tsibiri da nasa ɗan mutumin. Na gabas da malafa a kansa. Na kudu tulin ƙasarsa ya fi shi tsawo, don mutanen can akwai cika baki. Mu kuwa, duk ma'aikacin da zai yi ritaya, Barba yakan zana siffarsa a sabon allo. Sharaɗinsa ɗaya: abin da idonsa ya gani shi yake zanawa.

Nan Duye ya shiga uku. Abokin aikina ne, tumbi kamar randa, ritayarsa ta matso, kuma ba wanda ya taɓa ganin bakin shebur ɗinsa a ƙasa. Jingina yake da shi.

"Barba, a zana ni ina haƙa. Jikokina za su gani."

"A jingine zan zana ka, ɗana. Iyaka direbobi su ɗauka wurin hutawa ne."

"Haba Barba! Jiya fa na kawo maka gasasshen kifi."

"Na ci, ya yi daɗi. A jingine."

Da Duye ya ga ba makawa, ya ce a zo a shaida. Barba ya kawo kujerarsa bakin hanya. Muka ajiye aiki, har mai burodi ta rufe shago ta fito. Duye ya tuɓe riga, ya tofa yawu a tafin hannu, ya karɓi digata. Ban hana shi zaɓen wuri ba, na ɗauka ko fatar ƙasa ba zai huda ba. Ya ɗaga, ya sara da ƙarfin da ya yi ta ajiya tun yana saurayi. Sai bututun ruwan gari ya fashe, ruwa ya yi tsiri ya tafi da hularsa.

Ni na yini cikin taɓo ina gyara. Barba bai ko motsa ba, zane yake.

Allon yana kwanar coci: mai tumbi, da diga, da ruwa yana feshi sama da kansa. Ranar Lahadi na ga Duye ya jera jikokinsa a gaban allon, yana gaya musu yadda ya tono wa gari idon ruwa.