Dangwalen da Ya Raba Ni da Ikko

Shekaranjiya wata baƙuwa ta zo yi mini gaisuwar rasuwar maigidana, ta miƙo mini goro uku a naɗe cikin ganyen fita. Ban ci ba. Ganyen na kai hanci, ƙamshin nan mai laima ya buge ni, sai kuka ya ƙwace mini. Matan da ke ɗakin suka ɗauka marigayi nake yi wa, suna ta ba ni haƙuri. Shi ma ina yi masa, Allah Ya ji ƙansa, har yau ban iya kallon buzunsa ba. Amma ranar na haɗa da garinmu. Ni ban yi boko ba, ban yi ajami ba. Maƙwabciyata ce ke rubuta muku wannan, na kuma ce mata kada ta rage wa maganata zafi.

A Ikko aka haife ni, a zangon Agege, bayan layin dogo. Babana ɗan goro ne, haka ma babansa. Gidanmu ba ya rabuwa da laima. Can damina biyu ake yi: ruwa ya ɗauke kamar ya tafi, sai ya dawo da ƙarfinsa, jan taɓo har idon sawu, kwanon rufi yana ta kuka a kanmu. Da hantsi matan Yarabawa ke shigowa daga gonaki da kwanduna a ka, mu zauna gaban kakata muna wanke goro muna tsince mai tsutsa. Ita ke jera fita cikin huhu, ganye bisa ganye, kamar mai yi wa jinjiri shimfiɗa, don goron ya isa Arewa a jirgin ƙasa bai bushe ba. In ta ga na yi ha'inci ba ta magana, ranƙwashi ne kawai.

A bakinta na ji sunayen garin. Ta ce gari ne ɗan gata, kowa ya zo sai ya raɗa masa suna. Mayaƙan sarkin Bini suka yi sansani a tsibirin garin, a nan aka samo Eko, wato sansani a harshensu, shi Yarabawa suka riƙe. Turawan farko da suka iso ta teku suka ga ruwa kwance ko'ina, suka ce Legas. 'Yan'uwanmu na Arewa kuwa kurmi kawai suke cewa, sai ka ce birai ne a ciki. "Mu Ikko muka ce," in ji ta, "kuma ba mai raɗa wa yaro suna sai yana da haƙƙi a gidan."

Sau ɗaya ta kai ni tsibirin. Muka haye gada a motar katako, na ga ruwa ba iyaka, ga kwale-kwale, ga hayaƙin bandar kifi yana shiga ido. Ta nuna mini wata tsohuwar maƙabarta da leɓe, ta ce kakanta yana kwance a ciki tun ba a yi gadar ba. Ina goyon fari aka yanka jihohi, aka ce Ikko ta zama jiha mai kanta. Ranar babana ya raba goro kyauta a ƙofar masallaci.

Yarabawa Gambari suke ce mana, mu ma muna da abin da muke ce musu, a yi dariya a ci abinci kwano ɗaya. Da muka zo aikin Hajji ni da maigidana muka zauna, sai muka zama Takari a bakin Larabawa. Duk na haɗiye. Shekaru muka yi a kan dutsen Nakkasa a Makka, shi yana tura marasa ƙarfi a keke a Harami, ni ina suyar ƙosai a ƙofar gida. In ba ma so yara su ji, da Yarabanci muke magana. Yanzu ba ni da abokin gulma, maganar sai ta ruɓe mini a ciki.

Aka rushe unguwarmu, muka koma ɗaki guda a Hindawiyya, a nan maigidana ya cika. Ba ni da igama, takardar izinin zama, ban taɓa yi ba. 'Yata ta ce, "Umma, gara ki koma gida da ƙafarki da a kama ki a kai ki tarhil inda ake tsare waɗanda za a kora, ki kwanta a siminti da wannan ciwon gwiwar." To, tafiya sai da takarda. Ta kai ni wurin wani mai cika wa mutane takardu, Bahaushe ɗan'uwana, bai kai sa'an ɗana ba.

"Hajiya, wace jiha?"

"Ikko."

Ya ajiye biro. "Legas? Ba inda kuka yi ci-rani nake tambaya ba, asali nake tambaya."

"Ci-ranin da ya binne kaka da kakan kaka? Yaro, ka san abin da kake faɗa kuwa?"

"Hajiya, Bahaushe ba shi da asali a Legas. In na rubuta haka za a ce ki kawo shaidar 'yar ƙasa daga can, wa zai ba ki? Daga ina kakanninku suka taso?"

Na ce na ji ana cewa wajen Kano. Kano kuwa ban taɓa kwana a cikinta ba.

"Shi ke nan," in ji shi, "Kano."

Na ja sandata na fita. Kwana tara ina ƙi. Ku ji abin da ke ƙona ni: Bayarabe bai taɓa cewa in tashi daga gidan ubana ba. Balarabe da ya ce ni baƙuwa ce, gaskiya ya faɗa. Mai harshena ne, mai sallama irin tawa, ya share kakata da biro ko ɗar bai ji ba. Mu da muka tsufa a can, muka yi masallatai, muka binne namu, ashe a idon 'yan'uwanmu har yau ba mu sauke kaya ba. To in ba mu da Ikko, ba mu san Kano ba, daga sama muka faɗo?

Rana ta goma aka kama wata tsohuwa a layinmu, ta fita sayo burodi. 'Yata ta durƙusa a gabana tana kuka, ta ce ta rasa uba, kada in sa ta rasa uwa a bayan motar kame mai ragar waya. Na koma wurin mai cika takardu. Ya kama babban yatsana ya tsoma a tawada ya dangwala. Ban dube shi ba. Kwana uku ina alwala shuɗin bai fita ba, in na ɗaga hannu zan yi addu'a sai in ga shaidar zur da na yi wa kaina.

An ce Ikko ta sake, samari ma wani suna suke kiranta yanzu, wai Lasgidi. An ce benaye sun cinye gonakin goro, ba kuma wanda ya san ko gidanmu yana tsaye. Ko ƙasarsa ce ta rage, ina so in taka. Jirgi zai sauke ni a Kano, garin takarda. Ba zan kwance ƙunshina ba. Tasha zan nufa in nemi motar Ikko, in ɗan kamasho ya ce mini Legas, zan gyara masa.