Kiɗan da Ba a Yi wa Tafi

Shekara tara ina buga kibod a cocinmu a Sabon Tasha kafin a samu mai gaya mini cewa ban iya ba. Wani tsohon malamin kiɗa ne a Barnawa, muna ce masa Baba. Yana da piyano na gaske a falonsa, na katako, wanda sai ƙarti huɗu ke iya turawa. Duk Asabar in na tashi daga aikin asibiti nakan hau Keke in je ɗaukar darasi.

Matsalata hannu ce. Kibod ɗin da nake gwaji da shi a gida irin mai arahar nan ne, ko ka shafa shi ko ka doke shi ƙara ɗaya yake bayarwa. Piyanon Baba kuwa ba ya rufa wa kowa asiri.

"'Yata, sakwara kike daka?" haka yake tambayata. "Takardar ta ce a hankali."

"A hankali nake yi, Baba."

"To, maƙwabta ma sun ji hankalin naki."

Da ya yanke shawarar komawa ƙauyensu wajen Kagoro, sai ya ce zai bar wa cocinsa piyanon, su kuma suka shirya masa sujadar sallama. Cikin ɗalibansa ni ya zaɓa in buga wani kiɗan Turawan dā, mai tafiya sannu, shafi uku kacal. Ya ce yana so kafin ya tafi ya ji wanda ya koyar ya buga shi daidai, ko da sau ɗaya. Wata uku ya rage.

Ban yi sati biyu ba na haddace shi, ina ta fankama. Ashe ko fara aikin ban yi ba. A tsakiyar kiɗan akwai wurin da sauti ke sauka har ya kusa ɓacewa, a yi shiru na numfashi ɗaya, sannan ya dawo. Ni kuwa tsallake shirun nake yi kamar kwata. Baba ya sa na rera layin da baki, ya sa na ja numfashi inda layin ya ƙare, ya sa na maimaita gaɓa huɗu har la'asar. Abin ya riƙa ba ni haushi. Ina da 'ya'ya uku, ina da masu yi mini biyayya a wurin aiki, ga ni zaune ana ce mini "sake". Wata rana na rufe murfin piyanon da ƙarfi na ce na gaji. Ya ce ko murfin ma na fi ƙarfinsa. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, amma ba a faɗi yawan itacen da yake ƙonawa ba.

Ana saura mako ɗaya abin ya zo. Na sauka a hankali, na tsaya, na jira, na dawo. Baba na kicin yana ɗora ruwan shayi, bai ji ba. Da ya fito na gaya masa, na ce ya bari, ranar Lahadi zai ji.

Ranar Lahadi coci ya cika maƙil. Shafin farko ya tafi lafiya lau, hannuna kamar ba nawa ba. Na fara sauka ke nan, sauti na ta raguwa, sai wata mama daga zumuntar mata ta ɗauka tsoro ne ya kama ni. A wurinmu ba a barin mai kiɗa shi kaɗai ya ji kunya. Ta fara tafi don ta ƙarfafa ni, layinsu ya ɗauka, mai ganga ya shigo da nasa taimakon. Da ban biye musu ba, da wataƙila sun gane sun daina. Amma shekara tara ba wasa ba ce. Hannuna ya bi tafin, na ƙara sauri, na doki piyanon nan har ƙarshe. Aka yi guɗa.

A waje mutane sai rungume ni suke yi, ni kuwa kamar in fashe da kuka don takaici. Na samu Baba a gefen motar da za ta kai shi. Ya riƙe hannuna da hannu biyu.

"Kin yi ƙoƙari, 'yata."

Bai taɓa gaya mini haka ba. Abin da yake faɗa wa ɗaliban da ya san ba za su dawo ba ke nan.