Hadiza Huɗu da Buhu Mai Yashi

Har yau ranar gwajin bulokcen a mangazarmu ta ajiyar riɗi ta Dungas ba ta fita raina ba. Ku sababbi, ku ji. Ni ce mai duba riɗi a ƙungiyarmu ta mata, ba a ɗinke buhu sai na zura hannu har gindinsa. Masu saye suka ce suna son sanin mai kowane buhu, sai mutanen firoje, wato shirin da ke tallafa mana, suka kawo kamfani biyu mu zaɓa. Bulokcen, yadda aka gaya mana, rajista ce a cikin waya, tana hannun mutane da yawa, abin da ya shiga ba ya goguwa.

Mutumin kamfani na farko ya zo da kwat da surutu. Na ce, "Malam, Hadiza huɗu gare mu. Yaya abin naka zai raba su?"

Ya ce, "Hajiya, wannan ƙaramin abu ne."

Ƙaramin abu! Aka sami buhu mai yashi, ya danna shi a kan Hadiza ta Sassumbrum, matar da ke sheƙe riɗinta sau uku. Ta rantse ba nata ba ne. In wannan ya kai ga masu saye, sun daina karɓar kayanta ke nan. Na ce ya goge. Ya yi murmushi, wai ai kyan abin ke nan, ba ya goguwa. Allah ya sa gwaji ne. Shugabarmu kuwa har ta fara yaba launin hotunansa!

Ta biyun wata Badamagariya ce, ba ta da yawan magana. Kwana uku ta yi a tabarma tana kallonmu, sannan ta ce, "Inna, ke da me kike gane su?"

Na nuna mata bakin buhu. Kowace mace da ɗinkinta. Hadizar nan giciye take yi, ƙulli a hagu. Badamagariyar ta koma ta gyara nata bulokcen ɗin: babu abin da zai shiga sai an ɗauki hoton ɗinkin, mai buhu ta sa yatsa, ni ma na sa. Ko babu reso, wato sabis na waya, bayanin yana jira.

Muka maimaita da buhun yashin. Ɗinkinsa miƙaƙƙe ne. Hadiza ta zauna a ƙasa tana hamdala. Mai shi kuwa na ja ta bayan mangaza, abin da na gaya mata tsakaninmu ne.

Na ce wa shugaba, "Ko wannan, ko ku nemi wata mai duba riɗi." Badamagariyar aka ɗauka.

Ban san harafi ko ɗaya ba, amma na san aikin wanda ya zauna ya duba. Abin da ba ya goguwa, kada ku ba mai gaggawa ya rubuta sunanku a ciki.