Curin Gawayi a Bututun Baffa

Jiya a Kwanar Dangora na ga an jibge manyan bututu a bakin titi, sai marigayi Baffana ya faɗo mini a rai. Direban tirela ne mai ɗauko kwal daga kudu, har ranar da mota ta kife ta raba shi da ƙafa ɗaya. Tun daga nan maganarsa guda ce: a matse kwal ya zama curi, ruwa ya kai shi ta bututu. Yakan ce, "Ruwa ba ya shan mai, ba ya gyangyaɗi a sitiyari."

Wata rana a lambunsa na Yako ya kwaɓa garin gawayi da koko, ya danna a gwangwani, ya shanya. Ya jefa curin a bututun ban-ruwa, ina jira a ɗaya bakin. Baƙin kunu ne ya fito, ya ɓata mini zane.

Na ce, "Baffa, kokon kawai ka ɓarnatar."

Ya ce, "Matsi ne bai isa ba, 'yar nan."

Da ya ƙara matsi ya sake gwadawa, curin ya faɗo tafin hannuna da sanyinsa, ko ɓantarewa bai yi ba.

Yau 'yata tana karatun injiniya, gwangwanin yana ɗakinta. Allah ya jiƙan Baffa, ya sauke shi lafiya kamar curin nan.