Akuyar da ba a yanka ba bana

Ni ban yi makaranta ba. Jikata ce ke rubuta wannan, ina faɗa ina share hawaye.

Aure ne ya kawo ni Unguwar Shanu, cikin garin Kaduna, daga ƙauyenmu na kudancin jihar. Maigidana kafinta ne, mu Kirista ne, kuma a lokacin gidajen layinmu a cakuɗe suke, Kirista da Musulmi. Duk Kirsimeti yakan sayi akuya, amma bai taɓa sa mata wuƙa da hannunsa ba. Malamin allon da muka haɗa katanga da shi yake kira ya yanka, don maƙwabta su ci hankali kwance.

Malam yakan shigo yana wasa wuƙa yana tsokana. "Kafinta, wannan akuya ce ko kyanwa?"

Maigidana ya ce, "Allah gafarta Malam, bara ma haka ka ce, kuma kai ka cinye hantar."

Daga baya aka yi tashin hankali a gari, aka sake yi. Ba zan faɗi abin da idona ya gani ba. Mutanenmu Kirista suka riƙa ƙetare kogin da ya raba garin da ɗai-ɗai, har gidanmu kaɗai ya rage. Malam ya rasu, maigidana ya bi shi, ya bar ni a ɗakin da ya kafa wa ƙofa da hannunsa. Ɗana da ke ƙetaren kogi kullum maganarsa ɗaya: "Mama, ki taho." Ni kuwa nakan ce muddin akwai mai yanka mini akuya a layin nan, ina da mutane, ba inda za ni.

Babban ɗan Malam ne ya gaji wuƙar. Yaron da na goya a bayana ne, yanzu har ya yi furfura. Shekara da shekaru bai taɓa fashi ba.

Bana na sayi akuya, na aika masa. Bai zo da safe ba. Sai da la'asar ya yi sallama, hannunsa ba wuƙa, ya durƙusa daga bakin ƙofa.

Na ce, "Ɗan nan, ka makara har ka manta wuƙa?"

Ya ce, "Mama, bana ki yi haƙuri."

"Hannun ne ke ciwo?"

"A'a. Idanu ne suka yi yawa. Sababbin da suka tare a layin nan ba su san Baba kafinta ba." Ya ƙara da cewa, "Da kin je kin yi bikin nan wajen ɗanki."

Na ce, "Ka ji wani abu ne?"

Ya ce bai ji komai ba, amma ƙasa yake kallo. Da zai fita sai da ya leƙa dama da hagu.

Akuyar tana nan ɗaure a gindin gwaiba, tana kuka, ba wanda ya leƙo ya tambaya. Na ƙulle zannuwana da hoton maigidana. Ɗana ya ce gobe zai turo mota. Na aika wa ɗan Malam makullin gida, na ce mako guda zan yi. Haka duk waɗanda suka riga ni tafiya suka ce.